Haƙorin da Ya Kwanta a Bakin Arzika

Duk wanda ya zauna a unguwar masunta ta Birnin Kebbi a zamanin Nasara, tsakanin shekarar da fara ta cinye gonaki da ƙarewar yaƙin Hitila, ya san Arzika mai gyaran jirgi. Abu biyu aka san shi da su: hannu da rowa. Na farkon gaskiya ne. Jirgin da ya tsage tun daga baki har gindi, wanda mai shi ya fara yi masa kallon itacen girki, in Arzika ya kwana biyu a kansa da gizago da 'yan tsinkayensa, sai ka gan shi ya koma gulbi yana ɗauko shinkafa daga Zauro. Na biyun kuwa ƙarya ce tsagwaronta, kuma ita ta fi yaɗuwa, kamar dai yadda aka saba.

A unguwar nan magidanci ba ya cin tuwonsa a cikin gida. Da an idar da sallar magariba kowa zai fito da akushinsa zuwa zauren Hodi, wani tsohon masunci da unguwa ta ɗauka uba. A jera akusa, a ci na wannan a koma na wancan. Ciyayya ke nan. A nan ake sanin wanda matarsa ta iya miya, a nan kuma ake gane wanda rumbunsa ya yi ƙasa, a ciyar da shi ba tare da kowa ya ce uffan ba. Bawa, mahaifin Arzika, aminin Hodi ne tun suna samari. Yana da wani buzu na baƙin rago da ake shimfiɗa masa a hannun daman Hodi, in an tashi a ninke a rataye a bango.

Da Bawa ya rasu, Arzika bai daɗe da aure ba, kuma ba shi da wa ba shi da ƙane a garin, don uban nasa shi kaɗai ya taso daga Gulma. Ranar da aka yi addu'ar bakwai ya fito da akushinsa ya raɓe a bakin ƙofa, inda samari ke zama. Hodi ya sauko da buzun ya shimfiɗa, ya daddaɓa shi da tafin hannu.

"Zaka nan, ɗana," in ji shi. "Wurin ubanka na. Ba a barin shi ba kowa."

Arzika ya zauna yana kuka. Duk duniya ba a taɓa ba shi abin da ya kai wannan wurin zama daraja a idonsa ba. Shekara uku ya yi a kan buzun nan, kuma a lokacin mutum ne mai dariya da baki buɗe, mai tsotsar kan kifi har a roƙe shi ya bar wa kyanwa rabonta.

Sai ciwo ya zo, ta can ƙuryar baki, a muƙamuƙin ƙasa na hagu, bayan haƙorin ƙarshe. Dasashin wurin ya kumbura ya fara ruwa. Wani makon ya lafa, wani makon muƙamuƙin ya ɗaure har yatsa ba ya shiga tsakanin haƙora. Ba abin da bai gwada ba: kanumfari, jar kanwa, ruwan bagaruwa, garin taba. Daga baya ya je wurin wani wanzami a kasuwa. Wanzamin ya leƙa sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa haƙorin da idonsa ya fi gani, ya ce tsutsa ce. Ya sa awartaki ya tumɓuke shi. Haƙori lafiyayye fes, ko ɗigon baƙi babu. Arzika ya koma gida da giɓi, ciwonsa kuma yana nan inda ya bar shi.

Da zafi ne kaɗai, da ya daure, don mai aikin gizago ya saba da jini. Abin da ya karya shi wari ne. Wata rana a zaure ya sunkuyo zai ba wani maƙwabcinsu Dikko labari, sai Dikko ya ja da baya, ya kai hannun riga hanci. Bai ce komai ba, ƙila ma bai san ya yi ba. Amma Arzika ya gani, ya kuma tabbata kowa ya gani. Ya ƙarasa cin tuwon, kansa a ƙasa, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Kashegari da matarsa Luba ta ɗauko akushi za ta miƙa masa, ya ce ta ajiye a ɗaki, kansa ke ciwo. Haka jibi. A rana ta uku Hodi da kansa ya zo ya yi sallama. Arzika ya fito ya durƙusa nesa-nesa, ya ja bakin rawani ya rufe baki, ya kau da fuska.

"Lahiya dai, ɗana?"

"Lahiya lau, Baba. Ɗan zazzaɓi na."

Hodi ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, "Allah shi sawwaƙa," ya juya da sandarsa. Hodi mutum ne mai kara irin ta mutanen da, ba ya tambayar abin da ya ga mutum na rufewa. Shi kuwa Arzika sai ya fassara shirun nan da cewa an huta da shi. To, ka ji inda aka yi ɓatan kai, kuma ba wanda ya yi da mugun nufi.

Tun daga nan ya canja rayuwarsa duka don kada numfashinsa ya kai ga hancin kowa. A masallaci ƙarshen sahun baya yake tsayawa, ya fice kafin a fara gaisawa. A bakin gulbi ya ja wurin aikinsa can ƙarƙashin wata ƙirya, in mai jirgi ya zo ya amsa masa yana sassaƙa, bai ɗago ba. Hanyar da ta bi ta ƙofar Hodi ma ya daina bi, sai ya zagaya ta cikin lambunan albasa. Mutane kuma ba su raina abin faɗa. Aka ce girman kai ne, aka ce ya sami duniya. Daga ƙarshe aka tsaya a kan rowa, don mutumin da ke rufe ƙofa ya ci tuwo, me za a kira shi?

Luba ce ta fi shan wahalar sunan nan. Macen da akushinta ba ya fita zaure, ba a san hannunta ba, ita kuwa gwanar miyar kifi ce. A bakin rijiya mata kan tambaye ta cikin dariya wai me suke ci haka da ba a so a gani. Ta yi ta haƙuri, wata rana ta zauna a gabansa.

"Maigida, ka hwaɗa musu mana. Ciwo ba sata ba na."

"In hwaɗi mi? In ce musu bakina ka wari?"

"Ni da nika kwana ɗaki guda da kai ban gudu ba."

"Ke dole ta," in ji shi.

Wannan magana ta yi mata zafi, kuma da gaskiyarta. A shekara ta huɗu da daina zuwansa zaure ta tafi Zauro taya iyayenta yankan shinkafa, aka gama yanka, aka gama sussuka, ba ta dawo ba. Kowa ya san abin da take jira: biko. A tura dattijo ya je ya ba da baki, ta biyo shi. Arzika ba shi da dattijon da ya wuce Hodi, kuma kafin ya tura shi sai ya je ya zauna kusa da shi, ya buɗe baki ya yi bayani. Sau biyu yana zagayowa ta baya har kusurwar zauren, yana komawa. Luba ta jira damina guda. Daga baya alƙali ya raba, ta auri wani manomi. Arzika yana son matar nan har cikin ransa, ya kuma bar ta ta tafi saboda maganar da ba ta fi ta minti biyar ba. Ni dai har yau in na tuna haushinsa nake ji, sannan tausayi ya biyo baya.

Gidan ya zama shi kaɗai. Ya koyi dama kunu, don yawancin kwanaki shi kaɗai ke iya wucewa. Da magariba yakan zauna a jikin zana da ƙwaryarsa, muryoyin zauren Hodi suna iso shi ta kan gidaje biyu. Ba ya jin abin da ake cewa, amma ya san dariyar kowa. Da haka ya riƙa sanin wanda ya ragu. Dariyar Dikko ta ɗauke shekarar da aka ɗebi soja. Ta Kalilu mai komar kamun kifi ta ɗauke da sanƙarau. Yakan je jana'iza, ya tsaya a baya, ya zuba ƙasarsa ya tafi. Kewa ta zame masa abin yau da kullum, har wani lokaci yakan yi wa jirgin da yake gyara magana.

Da aka buɗe ɗakin shan magani a gari ya je. Malamin wurin, wani saurayi mai kaki, ya danne masa harshe da bayan cokali, ya juya shi wajen haske, ya daɗe yana dubawa. Ya ce akwai haƙori a ƙarƙashin naman. Irin turmin nan ne na ƙarshe da ke fitowa bayan mutum ya girma, amma nasa bai sami wuri ba, sai ya taho a kwance ya kafa kai a jikin na gabansa. Abinci na shiga ƙarƙashin naman ya ruɓe. Ya ce wannan aikin likita ne mai wuƙa, kuma babu shi a nan kusa. Ya ba shi wani ruwa mai launin shuni na kurkure baki. Ruwan bai yi wani abin kirki ba, amma Arzika ya fito da abin da bai taɓa samu ba: ya san abokin gabansa. Ba tsutsa ba ce, ba sammu ba ne, haƙori ne da ya ɓata hanya.

A shekara ta goma wani mai jirage a Argungu, Maliki, ya aiko a kira shi gyara kafin a shiga su, wato lokacin kamun kifi. Yana tsakiyar aiki kuncin ya haye har ido ya ƙanƙance. Maliki bai tsaya jin ta bakinsa ba, ya ja shi zuwa wurin Maigandi, wani tsohon wanzami da ya bar aski ya koma duba baki kawai. Maigandi ya zaunar da shi a rana, ya kawo fuskarsa dab da tasa. Arzika ya ja baya kamar yadda ya saba.

"Ina za ka?" in ji tsohon. "Shekara hamsin ina leƙen bakin mutane. Naka ko na ukku bai zo ba. Buɗe."

In ban da malamin ɗakin shan magani, rabon da wani ya matso kusa da shi haka, tun tafiyar Luba. Ya buɗe iyakar yadda ya iya. Maigandi ya sa yatsa ya lalubo, ya taɓa giɓin da aka yi masa a kasuwa, ya yi tsaki.

"Wanda yac cire maka wanga haure makaho na. Amma ya yi maka hanya bai sani ba. Na ƙuryan kau ba shi ciruwa, ba inda awartaki za ya kama. In nij ja da ƙarhi, ƙashi za ya tahi."

"To ƙaƙa za a yi, Baba?"

"An ce kai masassaƙi na. In kana son katako biyu su ba juna wuri, ba ka so ka hwasa ko ɗaya, mi kaka yi?"

Arzika ya ce sai ya sa busasshen tsinke a tsakani, ya zuba ruwa, ya tafi harkarsa. Itacen zai sha ruwa ya kumbura, ya tura su a hankali.

"To," in ji Maigandi, "bakinka da ruwa."

Da kumburin ya sauka, tsohon ya sa aska ya yanke naman da ya rufe kan haƙorin, ya wanke da gishiri da bagaruwa. Bayan mako guda ya fiƙe wani busasshen tsinke siriri kamar ƙayar kifi, ya cusa shi tsakanin kwantaccen haƙorin da na gabansa, ya datse abin da ya yi saura. Kwana uku muƙamuƙin yana zugi, sannan ya lafa. Maigandi ya ce duk tsayuwar wata ya dawo a sa wanda ya fi kauri kaɗan. Ya gargaɗe shi kada ya yi gaggawa, sannu ba ta hana zuwa.

Haka Arzika ya shiga zirga-zirga tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Da ruwa ya cika ya bi jirgi, da rani ya taka da ƙafa, ya yada zango a Gulma, garin ubansa, inda ba wanda ya san shi. Tun a wata na uku ya fara zuwa da tsinkayen da ya fiƙe da kansa. Maigandi ya jujjuya ɗaya ya ce, ba don ransa ya so ba, sun fi nasa. A hanya Arzika ba ya tunanin komai sai zaure. Yana tsara yadda zai shiga, da abin da zai ce, da irin dariyar da za a yi masa, wadda a yanzu ya ji zai iya ɗauka.

Wata goma sha huɗu aka yi. Haƙorin bai miƙe sarai ba, ya dai ɗago ya tsaya a karkace kamar turken da akuya ta ja. Amma asuwaki yana kai masa ta ko'ina, ruwan ya ƙafe, muƙamuƙi ya saki. Saura abu guda. Mutumin da ke zaune shi kaɗai ba shi da wanda zai tambaya ko bakinsa ya daina wari. Ranar da aka cire tsinken ƙarshe ya yi ta inda-inda, har Maigandi ya gane, ya kawo hanci ya ce ya hura.

"Albasa nika ji," in ji tsohon. "Tashi ka ba ni wuri."

Ranar da Arzika ya dawo gida ya sayi giwan ruwa, ya tuƙa tuwon shinkafa da hannunsa, ya yi miya gwargwadon abin da ya tuna na Luba. Aka idar da magariba. Ya ɗauki akushi ya bi hanyar gaba, wadda rabonsa da ita shekara goma sha ɗaya.

Ba hayaniya a zauren. Ya san muryoyi sun ragu, amma bai san sun ƙare ba. Waɗanda suka taso daga baya sun koma ci a wata ƙofa, ashe hayaniyarsu yake jiyowa. Rabin jinkar ya zube. Hodi na zaune shi kaɗai da 'yar ƙwaryar kunu, idanunsa sun yi fari. A hannun damansa ga buzun baƙin rago a shimfiɗe.

Arzika ya yi sallama.

"Wa na?"

"Ni na, Baba. Arzika."

Hodi ya lalubo buzun ya daddaɓa.

"Ka makara. Zamna."

Ya zauna. Duk jawabin da ya tsara a hanyar Argungu ya watse, ya dai faɗi abin kamar yadda ya zo: haƙorin, da Dikko, da hannun riga, da tsinkayen Maigandi. Hodi ya bar shi har ya kai aya.

"Na sani," in ji shi.

"Ka sani, Baba?"

"Tun ran da niz zo gaishe ka. Dikko ma na yi mai hwaɗa, ya so shi zo shi ba ka haƙuri, nic ce shi bari, kar shi ƙara maka kunya. Mu da munka tashi cikin ƙarnin kihi da hayaƙin banda, ɗana, warin baki za ya kore mu?"

"Don mi ba ka ce min komi ba?"

"Ka ruhe abinka. Ƙaƙa zan buɗe abin da mutum yar ruhe? Cewa niy yi in ka shirya ka zaka." Ya buɗe bakinsa, ba haƙori ko ɗaya. "Ga nawa nan. Gaban kowa sunka zube, ɗaya-ɗaya, ina ci miya na bin gemu. Ba wanda yat tashi."

Arzika ya dafa buzun don ya gyara zama, sai tafinsa ya ji wani abu. Inda ake zama gashin yana nan cif, da laushinsa. Amma akwai layi biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, inda gashin ya ƙare ƙaƙaf har fatar ta fara tsagewa. Wurin ninki ne. Kullum ana shimfiɗawa, kullum ana ninkewa, shekara goma sha ɗaya. Baƙin cikin da ya kama shi a nan ya fi na ranar da aka kawo masa labarin auren Luba.

Ya buɗe akushi. Ya zare ƙayoyin kifin ɗaya bayan ɗaya, ya murmushe tsokar a cikin miya, ya kama hannun tsohon ya kai masa bakin akushin. Hodi ya ɗanɗana ya ce gishiri ya yi yawa, ya kuma ci har ya ƙoshi.

Wata biyu suka samu. Hodi ya rasu kafin ruwan farko, Arzika ya ɗauko buzun ya kawo ƙofar gidansa. Har ƙarshen ransa da magariba yakan fito da akushi ya zauna a kai, duk wanda ya gifta ya ce masa bismilla. Baƙi kan zauna, masu jirage daga nesa da 'yan ci-rani. 'Yan unguwa kuwa sai su ce alhamdu lillahi su wuce, suna mamakin abin da ya sami marowacin nan da tsufa.

Ya yi tsawon rai. Haƙoransa suka bi hanyar na Hodi, ɗaya-ɗaya, kuma bai ƙara rufe baki don kowa ba. Na ƙuryar nan da ya sha tsinke shi ne bai taɓa ko girgiza ba. Da shi aka binne Arzika, yana nan a karkace, ba shi da na sama da za su tauna tare.